Rigar Gawayi a Kan Ƙasar Gonarmu

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ni ne ɗan farinsa, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda kunyar ɗan fari ke bi har kabari. Ina ƙarami "kai" nake, ko "wancan". Da na kama aiki a ɗakin gwajin ƙasa a nan Haɗejiya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, sai na samu ƙarin girma, na zama "mai gawayi". Idan baƙi suka tambaye shi aikin da nake yi a ofis, sai ya gyara zama ya ce, "Wai gawayi yake fiƙewa. Duk bokon nan da aka yi, a nan aka sauka." Su yi dariya, ni kuwa in haɗiye. Ina da saurin fushi, kowa ya shaida, amma ban da a gabansa.

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Gawayin nake fiƙewa.

Kakanmu daga bakin Tafkin Chadi ya taso da littattafansa, ya zauna a Haɗejiya, ya sayi gona a fadama ta wajen Guri. Mahaifina ya gaji biyun, karatun da gonar. Da safe yana kan buzu yana rubutu da alƙalamin gamba da tawadar da ya dafa da kansa, ranar da babu rubutu yana fadama. Gonar shinkafa ce tun asali, ruwan kogi ke zuwa ya kwanta mata duk shekara. Da aka datse kogin can sama, ruwan ya fara yi mana rowa. Wata shekara ya leƙo, wata shekara ko sallama babu. A lokacin ne gwamnati ta kawo shirin noman rani na alkama, ana haƙa wa manomi 'yar rijiyar bututu a ba shi injin ban ruwa. Ga gona irin tamu, wannan injin shi ne rai.

Sai dai ba kowace gona ake ba wa ba. Akwai gonakin da wani farin ɓawo ke fitowa a samansu idan ƙasa ta bushe, tamu ma tana ciki. Farin nan iri biyu ne. Idan kanwa ce, ban ruwa zai jawo ta sama ta kashe gonar cikin 'yan shekaru, don haka ana soke sunan mai ita. Idan kuwa wani ma'adini ne dangin alli, ba ya cutar da shuka, sai a ba da inji. Manoma da harshe suke gwadawa, su lasa su yi gardama. Shugabar ɗakin gwajinmu ba ta karɓar shaidar harshe.

Dakta muke ce mata. 'Yar Filato ce, Kirista, amma a Haɗejiya aka yanke mata cibi, mahaifinta malamin makaranta ne da ya koyar da rabin manyan garin. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman idan ranta ya ɓaci. Ita ta dage sai an kai farin ɓawon nan gaban madubin lantarki, wata na'ura da ke wata jami'a tafiyar yini guda daga gare mu. Na'urar tana girmama ƙwayar ƙasa har ta koma kamar dutse, kuma tana faɗin abin da ke cikinta. Masu na'urar sun ce ba su da lokacin shirya samfurin kowa, a kawo musu a shirye. Aikina ke nan, kuma a duk yankin babu mai yin sa sai ni.

Bari in faɗi yadda yake, don har gobe ina alfahari da shi. Za ka busar da ƙasar sarai, ko ɗigon danshi kada ya rage. Ka ɗauki ɗan guntun ɓawon da hantsaki ka liƙa a kan wani ɗan faifan ƙarfe da bai fi maɓallin riga ba. Idan aka sa shi a madubin haka tsirara, lantarkin zai taru a kansa ya rasa hanyar wucewa, hoton ya fito fari fat ba a ganin komai. Dole sai an yi masa rufi siriri da abin da lantarki ke bi. Wasu da zinare suke yi, amma zinare yana rufe bakin ƙasar ta kasa faɗin abin da ke cikinta. Shi ya sa muke amfani da kabon, wanda gawayi ne tsantsa da aka matse ya zama sanda kamar fensir.

Sanda biyu ake sawa, ɗaya mai tsini ɗaya mai faffaɗan kai, suna taɓa juna. Ka jera faifan a ƙarƙashinsu, ka kife tulun gilashi a kai, ka kunna famfo ya zuƙe iskar ciki kaf. Sannan ka murɗa wuta. Tsinin nan zai yi haske kamar walƙiya, ya narke ya zama hayaƙin da ido ba ya gani, ya sauka a kan ƙasar. Duk abin bai wuce ƙiftawa uku ba. Idan rufin ya yi kauri ya ɓoye abin da ake nema, idan ya yi siriri da yawa bai yi aiki ba. Ma'auninmu wani guntun tagulla ne da nake gogewa har ya yi ƙyalli in ajiye kusa da samfurin. Yana fara canza launi daga ruwan goro zuwa ja, da ya taɓa shuɗi sai ka ɗauke hannu. Masu madubin sun taɓa ce wa Dakta samfurin Haɗejiya ba ya ba su wahala. Na yi mako guda ina tafiya kamar ba a ƙasa ba.

Dakta tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita. Mai shirya samfur shi zai je gonar da ƙafarsa, ya ɗebo da cokalin ƙarfe da aka wanke da sifirit, ya zuba a kwalba mai murfi. Na bi dokar nan a gonaki da yawa, daga Malam Madori har Miga. A gonar ubana kaɗai na karya ta.

Na ce wa kaina motar ofis ta lalace, kuma gaskiya ne ta lalace. Amma akwai motocin kasuwa. Ainihin dalilin shi ne ba na son in tsuguna a gonar mahaifina da farar rigar aiki da ɗan cokali, maƙwabtan gona da suka san ni tun ina gudu ba wando suna kallo, shi kuma yana ba su labarin gawayi. Da na ji zai je fadama ranar kasuwar Guri, sai na durƙusa na ce, "Baba, da za a kankaro mini farin nan na saman gona, ɗan kaɗan. Amma don Allah kada hannu ya taɓa shi."

Bayan kwana biyu ya miƙo mini takarda a naɗe tsaf, irin naɗin malamai. Na kai ofis na juye a kwalba, na rubuta a littafi kamar ni na ɗebo. Na yi mata rufi mai kyau, har ina yabon kaina.

Ni nake kai samfurori jami'ar, a cikin akwati mai ƙwayoyin shan danshi, a kan cinyata tun daga tasha har can, ina faɗa da duk wanda ya jingina da ni. Wannan karon na dawo da hotuna da takardun sakamako a ambulan, na miƙa wa Dakta. Tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan namu sai ta tsaya. Kanwa ce, kuma da yawa. Ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan sunan mahaifina, ta ɗago ta ce, "Ka yi haƙuri. Ka san ba ni da yadda zan yi."

Da na gaya masa, ya ajiye alƙalamin da ke hannunsa. Ya ce, "Allah ya sa hakan ne mafi alheri." Amma na ga bai yi rubutu ba ranar, kuma Inna ta ce mini bai taɓa tuwonsa ba. Gonar nan ubansa ya bar masa, kuma ba ruwan kogi ba inji, ta zama fili kawai. Kuma da hannuna na shirya hukuncin.

Hoton ya hana ni sakat. Na ga kanwar gona sau da yawa a hotunan madubin nan. Wadda ta tsiro daga cikin ƙasa tana fitowa kamar allurai a tsaye, sun ratsa tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ta gonarmu ba haka take ba. Gutsattsari ne a kwance a sama, masu kaifin baki, wasu har da layuka a jere a jikinsu kamar an bi su da wani abu. Na juya hoton sama na juya ƙasa, kwana uku ban gane ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar ina zaune a zaure nesa da shi kaɗan, kamar yadda na saba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da guntun ungurnu, kanwar nan ta Tafkin Chadi da tsofaffinmu ke sha don ciki. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta fiƙar alƙalami, ya kankara kaɗan a moɗar ruwa, ya mayar da kanwar aljihu. Tun ina yaro nake ganin wannan, kullum ta Allah, shi ya sa ban taɓa lura da shi ba.

Na ce, "Baba, farin gonar nan, da me aka kankaro shi?"

Ya ɗaga wuƙar. "Ba kai ka ce kada hannu ya taɓa ba? Abin da ya fi tsarki a jikina na sa. Wuƙar da nake fiƙe alƙalamin rubutun Alƙur'ani."

"Takardar fa, ina aka sa ta?"

Ya dafa aljihun. Sai ya tsaya, ya dubi moɗar, ya dubi wuƙar. Malami ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ce, "To. Ashe ni na sa wa gonata kanwa."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ne ban je ba."

Daga nan ne abin ya zama nawa. Idan na yi shiru, aikina lafiya lau, gonar ta tafi. Idan na yi magana, dole in gaya wa Dakta na karya dokarta kuma na rubuta ƙarya a littafinta. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin wata hanyar, in je a ɓoye in ɗebo sabo in ce kuskuren na'ura ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari tun kafin ta ajiye jakarta na tsaya a gabanta na faɗi komai.

Ta saurara har na gama, sannan ta wanke ni tas. Ta ce, "Kai da nake bugun ƙirji da kai. Ka san abin da za a ce a gari? Ɗan mai gona ya ga jan layi ya ƙirƙiro labarin wuƙa. Gobe kowa ya zo da tasa wuƙar." Na miƙa mata hoton na nuna mata layukan. Ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wannan idon naka shi ya cece ka yau, ba bakinka ba."

Hukuncinta ya zo kashi uku. Za a sa mini takardar gargaɗi a fayil, kuma an sa, tana nan har na yi ritaya. Ita da kanta za ta je ta ɗebo, a gaban mai unguwa. Kuma za ta ɗebo daga gonaki huɗu ta sa musu lamba, ba zan san wace ce tamu ba. Mun je a motar kasuwa, ita da zanenta da takalmin roba. Maƙwabtan gonar da na guje wa duk suka fito, suka yi mini dariyar da na ji tsoro har da ƙari. Mahaifina ya gaishe ta da "Likitar ƙasa", ta durƙusa ta ce, "Baba, gobe ka zo ofis ka ga gawayin nan da idonka."

Ban so ta gayyace shi ba, don na san halin da muke ciki. Sandunan kabon ɗinmu sun ƙare, sababbin ba su iso ba, kuma a ƙarshen makon za a rufe jerin sunayen masu samun inji. Abin da ya rage mini na yin mai tsinin guntu ne da bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Injin fiƙewarmu, mai kama da na fensir, ba ya kama guntu irin wannan. Da hannu za a yi, kuma idan ya karye babu wani.

Ya zo da hantsi da farar rigarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da an ce masa ba sai ya cire ba. Aka ba shi kujera. Na sa safar hannu, na ɓare sabuwar reza na wanke ta da sifirit a gabansa, da gangan, don ya gani. Ya gani, ya kau da kai. Na fara fiƙa. Kabon ba kamar gamba ba ne, gautsi gare shi, ka matsa kaɗan ya ɓalle.

Sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi mini ina ɗan shekara bakwai a kan buzu.

"Kai, sara kake yi ko fiƙa? Kwantar da bakin wuƙar. Kada ka tura ta, juya sandar ta zo ta same ta."

Na kwantar. Na juya. Baƙin gari ya riƙa zuba a kan farar takarda siriri-siriri.

"Numfashinka fa. Ba a fiƙa da numfashi a riƙe."

Na saki numfashi, hannun ya daidaita. Duk shekarun nan ina ganin a makarantar koyon aikin gwaji na samu wannan hannun, ashe daga zaure na fito da shi. Tsinin ya fito sumul, na goge ƙarshensa a samfefa mai laushi. Ya miƙo hannu zai karɓa ya duba kamar yadda yake karɓar alƙalami, sai ya tuna, ya mayar da hannun cikin riga. Ya sunkuya ya dube shi daga nesa ya ce, "Zai yi rubutu."

Na jera faifai huɗun da guntun tagulla, na kife tulun. Aka tayar da janareto don ba mu yarda da wutar gari ba. Famfo ya yi ta ƙugi kusan rabin awa, mahaifina yana jan carbi yana kallon allurar ma'aunin iska tana sauka. Dakta ta ba shi baƙin tabarau ya sa. Ban taɓa ganin sa da tabarau ba, da wata rana ce da na yi dariya. Na yi bisimilla na murɗa. Haske ya cika tulun. Tagulla ta yi ruwan goro, ta yi ja, ta taɓa shuɗi, na ɗauke hannu. Abin da ya rage na sandar bai kai ƙwayar gero ba.

Ya cire tabarau ya leƙa faifan. Ya ce, "Ina rigar da aka ce za a sa wa ƙasar? Ni ban ga komai ba."

Na ce, "Haka ake so, Baba. Idan ana ganin ta, ta ɓaci."

Ya ce, "Hm." Ya sa takalminsa ya tafi.

Wannan karon Dakta ce ta kai akwatin jami'ar da kanta, a kan cinyarta. Da ta dawo ta buɗe littafin lambobinta a gabana. Gona ɗaya cikin huɗun kanwa ce ta gaske, allurai a tsaye, kuma na yi wa mai ita baƙin ciki don na san ɗacin. Tamu alli ce, ƙwayoyi masu faɗi a kwance kamar ɓawon kifi, ko alamar kanwa babu. Ta rubuta sunan mahaifina sabo a ƙasan jan layin. Ta ba ni kwafin hoton ta ce in kai wa Baba. Na kai masa, ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "Wannan duwatsun su ne gonar tawa?" Na ce su ne. Ya ajiye a gefen buzu ya ci gaba da rubutunsa.

An haƙa rijiyar, an kawo injin. Ya yi alkama, daga baya ya koma albasa da tattasai, gonar ta ciyar da gidanmu shekara da shekaru, kuma har yau ƙannena suna nomanta. Shi kuwa bai canza ba. Mai gawayi nake har ƙarshen ransa. Abu ɗaya na lura da shi, ya sayi wata wuƙar daban don kanwa, kuma ya daina ba baƙi labarin bokon da ya ƙare a gawayi.

Ya rasu a tsakiyar shekarun casa'in, bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru. Bayan sadakar bakwai, a matsayina na babba, aka miƙo mini gafakarsa ta fata in buɗe. Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa yana ciki, warƙa-warƙa, da alƙaluma biyu da wuƙar fiƙa. A can ƙarshe, bayan warƙar ƙarshe, ga hoton. Gefensa ya yi laushi saboda yawan ɗauka. Na juya bayansa, sai ga rubutunsa na ajami da tawadarsa: "Ƙasar gonata ce. Ɗana ne ya sa mata riga."

Shekara talatin da wani abu ina ɗansa, ranar na fara jin kalmar daga gare shi. Ƙannena suna ta tambaya me aka rubuta, na kasa karanta musu. Na miƙa wa mai bi mini, na fita tsakar gida.